Kumfar da Ta Ƙi Tsayawa a Gidan Shigeru

Nagoya, farkon Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Fumie,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Yaya sanyin Tokyo? Mu nan ganyayen bakin titi sun fara ja. Kotone ce, 'yar ƙaninki marigayi Shigeru, in har kin tuna da ni. Na rubuto ne domin a waya muryata maƙalewa take yi. Mama ba ta san na rubuto ba.

Na karanta abin da kika rubuta a mujallarku a kan inda mutum zai sami espresso martini mai kyau a tsakiyar garin Nagoya. Kin yabi mashayar da ke saman otal, kin yabi ta ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar Sakae. Sannan a ƙarshe kika ce akwai wani sabon wuri a layin masu gyaran agogo, wanda kumfarsa ke mutuwa kafin tambulan ya kai baki, kada kowa ya wahalar da ƙafarsa. Ba ki faɗi suna ba. Amma shago ɗaya ne sabo a layin nan, kuma sunan ƙaninki ne a allonsa.

Ni ban kai shekarun sha ba. Abin da na sani kawai, gahawa ce da giya ake girgizawa da ƙanƙara, a ɗora ƙwayar gahawa uku a kan kumfar. Amma na san ba ki taɓa shigowa shagonmu ba, ko ranar buɗewa ba ki zo ba. Daga Tokyo kika ɗanɗana?

Da safe muna samun masu shan gahawa da gasasshen burodi da ƙwai. Da yamma kuwa, tun da rubutunki ya fito, kujeru ne ke kallon Mama. Ta ce in ma'aikatan ofis ba su kama wuri ba don shagulgulan ƙarshen shekara, za ta rufe mashayar, ta sauke allon da ke da sunan Baba, shagon ya zama na karin kumallo kawai. Mashayar nan ita ce burin Baba tun yana haɗa abin sha a mashayar wasu, ke ma kin sani, ya rasu bai ga buɗe ta ba.

Ki janye maganarki a fitowa ta gaba.

Ki huta lafiya.
Kotone

Tokyo

Kotone,

Ina amsa gaisuwarki. Sanyi ya shigo, ki riƙa rufe wuyanki.

“In har kin tuna da ni.” Wa ya koya miki wannan? Ni na fara ɗaukar ki a asibiti, tun uwarki ba ta farfaɗo ba. Yarinyar da ke ɓuya a bayan labule in na zo, yau ita ce ke ba ni umarni a takarda.

Kin ce ban zo ranar buɗewa ba. Na zo. Na hau jirgin ƙasa tun da safe, na sa tufafina na fita. Kafin nan na aiko da dogon kwandon furanni rawaya, irin waɗanda Shigeru ke so, da allon sunana a kai. Da na iso ƙofarku da hantsi, me na tarar? Ƙarfen kwandon tsirara da 'yan ganye. An kwashe furannin tas, allon sunana ma babu shi. Wata mata ta wuce ni a kan keke, kwandonta cike da furannina, tana dariya. Uwarki na tsaye a bakin ƙofa tana rusuna mata, har da “mun gode”. Kyautar yayar mijinta ta raba wa 'yan layi kamar ragowar kayan miya, tun ban iso na gani ba.

Na juya na koma tasha. Ban kira ba, ita ma ba ta kira ta tambayi dalili ba.

Batun rubutu kuwa, aikina ne. Ba na janye abin da na rubuta don yarinya ta yi fushi. Ki mai da hankali kan karatunki, ki bar maganar giya ga manya.

Gwaggonki,
Fumie

Nagoya

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wuyana a rufe yake.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, don na zaci wasa kike yi. Haba Gwaggo! Ai haka ake yi. Ko yaron da bai shiga makaranta ba a Nagoya ya san ranar da aka buɗe shago maƙwabta ne ke zare furannin ƙofa su tafi da su gida. In suka ƙare da wuri, shagon zai yi kasuwa. In suka kwana a ƙofa, abin kunya ne, ba wanda ya kula da ku ke nan. Naki ne suka fara ƙarewa, domin sun fi na kowa kyau. Matar da kika gani a keke Inna Toshie ce mai shagon wanki. Ta ce wa Mama, “Harumi, wannan surukar taki ta san abin kirki, saura kaɗan mu ba hammata iska da matar mai taliya a kansu!”

Allon sunanki Mama ta shigo da shi ciki don kada a taka. Yana nan jingine a saman kanta, kusa da hoton Baba. Ta ajiye miki kujera ranar. Har aka rufe ba ta bar kowa ya zauna a kai ba. Ba ta kira ki ba ne saboda ta ɗauka har yanzu kina jin haushin auren da Baba ya yi a nan, ya ƙi komawa Tokyo.

Shekara nawa ƙaninki ya yi a garin nan, ba ki taɓa tambayar yadda muke abubuwanmu ba? Kina rubuta wa mutane inda za su je a garinmu, alhali ko ƙofar shago ba ki iya karantawa ba.

Yanzu kin ji. Saboda furanni kika ɓata mana suna, kuma ba wanda ya wulaƙanta furanninki. Ki janye.

Kotone

Tokyo

Kotone,

Na sami saƙonki. Ko gaisuwar kirki babu, amma na sami saƙon.

Na tambayi wata abokiyar aikina, 'yar garinku. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. To, al'adarku ce. Al'adar banza ce a wurina, amma na ji. A cire maganar furanni.

Sai dai kin yi kuskure in kin ɗauka don su na rubuta abin da na rubuta. Ni ban shiga ba, gaskiya ne. Amma na aika ma'aikaciyata, harshenta ya fi nawa kaifi. Ta je sau biyu, ta ɗauko mini hoto. Baƙin ruwa ne kwance a tambulan, ƙwayoyin gahawa sun nutse a ƙasa kamar tsakuwa. Da a ce baƙo ne mai shagon, da na yi shiru na wuce. Amma sunan Shigeru ne a sama, mutumin da in ya girgiza gwangwanin haɗa giya masu hira ke yin shiru su saurara.

Kada ki yarda da ni. Ki sami wanda ke sha a wurinku, ki ce ya gaya miki tsakaninsa da ke.

Fumie

Nagoya

Gwaggo,

Ina gaisuwa, tunda kin ce ba na yi.

Na tambayi tsoho Kuno mai gyaran agogo, wanda ke zuwa kullum. Na tare shi a ƙofar shagonsa bayan na taso daga makaranta. Ya daɗe yana goge tabaransa. Ya ce, “'Yar Shigeru, ni tsoho ne, harshena ya mutu.” Na ce to me ya sa yake barin rabi a tambulan? Sai ya ce, “Kai, wannan yarinya, ashe kina da baki! To, ba ya kama da na ubanki. Amma wa zai kalli matar da ta rasa miji ya ce mata haka? Sai mu ce ya yi daɗi, mu biya, mu tafi.”

Na tsane shi a lokacin. Ke ma na tsane ki.

Na san dalilin da kumfar ke mutuwa. Mama da gahawar safe take haɗawa, wadda take tacewa da ƙyalle, in ta huce ta sa a firiji. Ta ce a gidan gahawa ba a zubar da gahawa. Injin matse gahawa na Baba yana bayan kanta, an lulluɓe shi da farin zane. Kullum tana goge shi, amma ba ta taɓa kunna shi ba tun da ya rasu.

Na gaya mata abin da tsoho Kuno ya ce, da cewa ina rubuto miki. Ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi. Ta ajiye wuƙar burodi ta ce, “Wato kin kai kukanmu Tokyo. Sannu, babbar mace.” Tun daga nan sai dai ta ajiye mini abinci a tebur ta wuce. Ta riga ta kira mai rubuta allo ya zo ya auna sabo.

Kin ji daɗi? Gaskiyarki ta fito. Da kin shigo kin faɗa mata a kunne, da ba sai duk Nagoya ta karanta ba.

Kotone

Nagoya

Zuwa ga Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a wannan lokaci na sanyi. Ina neman afuwa a kan damun ki da 'yata ta yi, laifin tarbiyyata ne.

Na gode da furanni, ko da godiyar ta makara. Na gode kuma da kika sanar da duniya abin da ba ki iya sanar da ni ba.

Ba na roƙon ki janye komai. Shigeru ƙaninki ne, amma ni na wanke masa riguna masu warin gahawa, ni na zauna da shi a asibiti. Ba ki fi ni sanin nauyin sunansa ba. Ran Laraba da rana shago a rufe yake. In kin isa, ki zo ki zauna a gabana ki faɗa mini da bakinki. In ba ki zo ba, zan fahimta, kin saba juyawa daga ƙofa.

Taki cikin girmamawa,
Harumi

Nagoya, Disamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kin manta safar hannunki ɗaya, na sa ta cikin ambulan ɗin nan.

Kin tafi ba ki yi mini sallama ba. Ina zaune a matakala, na ji komai. Na ji kin kurɓa kin ce, “Wannan ruwan wanke tukunya ne.” Na ji Mama ta ce, “To malama, tashi ki yi naki mu gani.” Ban zaci za ki tashi ba. Da kika yaye zanen injin, na ɗauka Mama za ta mare ki. Ta ce, “Ɗauke hannunki, ba ki ma san inda makunnin yake ba.” Ita ta kunna shi da kanta. Da ya fara huci na shiga banɗaki, don ƙarar irin ta Baba ce sak.

Da na fito kuna ta faɗa. Ke kina cewa, “Da zafinta za ki zuba gahawar, girgiza da kafaɗa, ba shayi kike damawa ba!” Ita tana cewa, “'Yan Tokyo sai baki, ke da ko ƙwai ba ki iya dafawa ba!” Kun ƙarar da ƙanƙarar gidan. Na ƙarshe da ta zuba, na leƙa, kumfar ta tsaya fara mai kauri, ƙwayoyin suna zaune a kai. Kin shanye, kin ɗauki jakarki, kin fice.

Mama ta fara yi mini magana, kaɗan kaɗan. Ta ce wa mai allo ya dakata. Amma kujerun yamma har yanzu rabinsu babu kowa, ofisoshi duk sun kama wasu wuraren. Ta ce ba za ta iya jan abin ya wuce ƙarshen sanyi ba.

Ba na cewa ki janye. Na daina. Ina tambaya ne kawai, na ƙarshen ya yi ko bai yi ba?

Kotone

Tokyo

Kotone,

Safa ta iso, na gode.

Ya yi. Bai kai na Shigeru ba, kuma ki gaya mata na ce haka. Abin da na rubuta a baya gaskiya ne a lokacinsa, ba zan goge ko harafi ba. A fitowar Fabrairu zan rubuta na yanzu, da sunan shagon a fili. Kafin nan ba ni da shafi.

Ki ce wa uwarki ta riƙe allon har Fabrairu. In ta sauke shi kafin nan, ni da ita ne.

Gwaggonki,
Fumie