Koriyar Kwalba da Tattakin Safe

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba. Aiki lafiya. An sa ni a tagar ba da magani ta asibitin, kuma har yanzu sai na maimaita karanta kowace takarda kafin in miƙa wa mai ita.

Na rubuto ne saboda in na kira ki sai ki ce keken ɗinki na ƙara, ba kya ji. Umma, ranar da na zo gida na ga wata koriyar kwalba a kan firij, bayan fulas ɗin shayi. Ƙwayar rage ƙiba ce. Ban yi magana ba saboda akwai baƙi, amma na ɗauki hotonta na karanta duk abin da ke jikinta. Akwai sinadarin kofi a ciki, sai dai ba su faɗi yawansa ba. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa mai hawan jini ya fara tambayar likita. Ke kuwa kullum kina shan maganin hawan jini.

Ban ce tabbas za ta cutar da ke ba, domin ban sani ba. Rashin sanin ne ya hana ni sakewa. Don Allah ki dakata da ita, ki kai wa likitanki ya gani.

Ki huta lafiya.
Taki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Sannu, babbar malamar magani! Jiya-jiya nake share miki majina, yau kin zo kina yi mini binciken kan firij.

A kyamis na saya, ba a tire ba, ko takardar likita ba su tambaye ni ba. Kin san zaman keke ya gama da gwiwoyina, in zan miƙe sai na dafa tebur. Yanzu kuwa da hannuna na rage siket ɗina. Kuma ba ke kaɗai kika iya karatu ba. Kwalbar ta ce a haɗa da rage ci da motsa jiki, ni kuwa ba na saɓa umarni. Na bar soye-soye, na raba shayina da sukari, kullum da safe ina zagaya filin ƙwallon bayan makaranta. Babanku ma bi na yake yi, wai kada kare ya tare ni. Shi da ko kyanwa ta yi tsalle sai ya firgita.

Ki kwantar da hankalinki ki riƙa cin abinci. A hoton da kika turo duk kin zama wuya da idanu.

Allah Ya yi miki albarka.
Ummanki

*

'Yata Auta,

Bayan sallama da fatan alheri. Ummanku ba ta san na rubuto ba.

Abubuwa biyu zan faɗa miki. Na farko, shekaranjiya muna cikin zagaye ta tsaya cak ta dafe ƙirji, ta ce gabanta ke faɗuwa. Muka zauna a kan benci har ya lafa. Ta ce kada in gaya wa kowa, musamman ke. Barcinta ma ya ragu.

Na biyun ya fi mini wuyar rubutawa. Tun da kuka watse ni kuma na bar aiki, gidan nan ya koma ita da kekenta, ni da rediyona. "Ga abinci." "Madalla." Hirar ke nan. Amma a hanyar filin nan muna magana. Ta ba ni labarin duk wadda ta kawo mata ɗinki da abin da ta ce. Jiya ta yi dariya har ta riƙe mini hannun riga. To, ta ce ranar da ta daina shan ƙwayar, ranar za ta huta da wahalar tafiya, don ba ta ga amfanin ɗaya ba tare da ɗaya ba.

Ke kika karanci abin. Shin babu yadda za a yi ta riƙa shan rabi?

Wassalam.
Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na gode da ka faɗa mini.

Baba, ba zan iya cewa ta sha rabi ba. Ban san abin da ke cikin guda ɗaya ba, balle rabinta. Ku je asibiti ranar da takardar nan ta iso, da koriyar kwalbar da maganin hawan jinin duka. Ka faɗa wa likita maganar benci ko da Umma za ta harare ka, ka kuma tambaye shi ko za ta iya ci gaba da tattakin. In abin ya dawo kafin nan, ko ta ji ciwo a ƙirji, kada a jira komai.

Sauran maganar ba a koya mana ita a makaranta ba, kuma na soke ta na sake rubutawa. Ka yi haƙuri in na wuce gona da iri. Umma tana fita ne domin kwalba ta ce ta fita. Kai ka taɓa ce mata kana so ku fita?

A gafarce ni, Baba.
Taka, Auta

*

Auta,

Lafiya lau, sai dai ke da Babanku kun iya munafunci.

Likita ya auna ni, jinin ya hau. Ya riƙe kwalbar, ya ce in manta da ita, tafiya dai in ci gaba a hankali. Na ce masa to. A raina na ce tafiya kuma ta ƙare.

Washegari na ja bargo na juya wa ƙofa baya. Sai na ji ana gyaran murya. Ina dubawa, Babanku ne tsaye da takalmana a hannu. Ya kalli silin, ya kalli ƙasa. Daga ƙarshe ya ce wai shi yanzu ba ya iya tsallaka babban titin nan shi kaɗai. Titin da yake tsallakawa tun ba a haife ki ba!

Na tashi na karɓi takalman. Ai ba a barin tsoho ya tsallaka titi shi kaɗai.

Ki ci abinci.
Ummanki