Injina da Inna Kyauta

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Injin wanke kwanuka ya shigo gidana yau, a Jega! Maigidana Alhaji ne ya sayo shi na hannu a Legas da ya kai albasa. Mai famfo ya haɗa shi da tanki, matan unguwa suka cika min kicin suna leƙe. Ni kuwa kaina ya kumbura.

Ana cikin haka Inna Kyauta ta shigo da sosonta kamar kullum. Tsohuwar bayan gidanmu, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Tun zamanin surukata take zuwa da la'asar ta yi mana wanke-wanke, ta tafi da kwanon tuwo ƙarƙashin mayafi. A gaban kowa na ce, “Inna, daga yau kin huta, ga wanda ya gaje ki.” Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta mai da soson cikin leda.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Farantai har ƙyalli suke. Na ɗauki hoto na tura wa duk wadda na sani.

Talata, 8 ga Afrilu

Injin ya yi ƙara ya tsaya, ga E1 da jan rubutu a goshinsa. Na kira ɗiyata Umaima a makaranta can Aliero, ta duba a wayarta ta ce ruwa ne ba ya isa gare shi. Na leƙa tanki, cike yake. Ta ce in kashe famfo in kwance tiyon baya, akwai 'yar rariya a bakinsa. Kai! Yashin rijiyar burtsatse ne ya toshe ta tam. Na wanke da tsohon buroshin haƙori na mayar, sai ga shi yana aiki. Har rawa na taka ni kaɗai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tuwo ya yi saura, na miƙa wa Inna ta kan katanga. Ba ta karɓa ba. “Na ƙoshi, ɗiyata, Allah shi yi albarka.” Haushi ya kama ni. Mutum ba shi da komai sai girman kai. Na juye wa awaki.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau na so ƙasa ta tsage in shige.

Sabulun da aka haɗo injin da shi ya ƙare, na ce sabulu ai sabulu ne, na zuba masa omo cike da ludayi. Ga ƙannen Alhaji sun zo daga Maiyama, ni na jawo su kicin don su gani. Muna tsaye sai kumfa ta fara ɓulɓulowa ta ƙasan ƙofarsa, ta malale siminti har bakin zaure. E4, yana ta kuka kamar ɗan akuyan da aka ɗaure. Babbar cikinsu ta tattare zane tana cewa, “To Iklima, shi ma wanka shika yi?” Har hawaye suka yi don dariya.

Umaima ta ce E4 ambaliya ce, ruwa ya taru a gindinsa. A cire wuta, a kwashe kumfar, a karkata shi ya tsiyaye, a bar shi ya bushe. Na cire wutar kawai. Ko kallonsa ba na son yi.

Talata, 15 ga Afrilu

Murjanatu maƙwabciyata ta same ni tsugune gaban tulin kwanuka, zufa har ido. Ba ta taya ni ba. Ta ce, “Kin ga hayaƙi a gidan Inna kwanan nan?” Na ce ban lura ba. Ta ce to babu. Ruwan kunu take sha in ta samu, jiya jiri ya kwashe ta a bakin randa.

Na ce ai na ba ta tuwo ta ƙi.

Murjanatu ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. “Ke kam! Inna ba ta cin sadaka, guminta taka ci. Kina zaton surukarki ba ta iya wanke kwano ne? Mata huɗu ne a gidan nan lokacin.”

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Shekara da shekaru ina ɗauka mu muke wahalar da tsohuwa. Ashe da bakina na cire mata abincin dare, ana dariya ina jin daɗi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kasa cin abinci. Na kasa zuwa wurin Inna kuma.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je. Ɗakinta a share tsaf, murhu ko toka babu. Ta rame, wuyanta duk jijiya. Na durƙusa na gaishe ta, amma na kasa faɗin kalmar haƙurin da na shirya. Abin da ya fito shi ne, “Inna, injin nan ya lalace, kwanuka sun fi ƙarfina. Ki taimake ni.”

Ta ce, “To, in na yi la'asar.”

Ta zo. Sai da ta huta a tsakanin aikin. Na cika mata kwano na danna, na sa nama a ƙasa inda ba za ta gani ba sai ta je gida.

Asabar, 19 ga Afrilu

Da hantsi, ba kowa a gida, na karkata injin. Ruwa ya tsiyaye, na goge kumfar, na wanke rariyar cikinsa. Alhaji ya aiko da sabulunsa na ainihi daga Birnin Kebbi. Na kunna. Ba E1, ba E4, ya yi aikinsa tsaf ya gama.

Na zauna ina kallonsa, ko murna ban yi ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Alhaji ya ce ko a kira mai gyara? Na ce a bari tukuna, zafin nan ne ba ya so. Allah na tuba. Na zare wayarsa daga bango na lulluɓe shi da zanen gado, kulolin abinci ma sun samu wurin zama a kansa. Ba wai na daina son sa ba ne, kawai wuta yake ci.

Da la'asar Inna na kankare tukunya, ba ta ɗago ba ta ce, “Yaushe za a gyara abin naki?”

Na ce, “An ce ba ya gyaruwa, Inna.”

Ta ci gaba da kankara. Ban sani ba ko ta ji ƙugin da ya yi ranar Asabar, katangarmu ɗaya. Da ta zo tafiya ta buɗe kwanonta ta duba, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba. Ta miƙo min shi.

“Ƙaro min miya, ɗiyata. Yau tukwanen da yawa.”