Zaren da Kika Jefa a Wuta

Zuwa ga Naja'atu, sanyin ruwan randa, inuwar tsamiyar da nake fakewa, tauraruwar da ke riga ladan tashi! Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa.

Safiyar Laraba na zo ƙofar gidanku da buhun ɓawon albasar da na tsinto maki a kasuwar Gummi. Kina tsugune gaban tukunya, zaren ulu na kwance cikin ruwan zoɓo, kina juya shi a hankali kamar mai yi wa jinjiri wanka. A kan igiya ga wanda kika rina jiya da ɓawo, ruwan ɗorawa, ya fi hantsi kyau. Wayyo ni! Da ma ni ne muciyar nan da ke hannunki!

Sai ga Barau bisa babur, kai tsaye daga injin niƙan dutsen zinari, ƙura ta yi mashi fari har gira, kamar ɓeran da ya faɗa buhun gari. Wai kyauta ya kawo maki. Mene ne? Daron da suke wanke dutse a ciki! Wai ya fi tukunyarki girma, ki riƙa rini a ciki. Ina tsaye, na ji kunya ta kama ni a madadinshi. Bai tsaya nan ba. Ya miƙa wannan hannu nashi ya zare zaren da ke kan igiya, wanda za ki saƙa wa jaririyar ƙawarki Saude hula da shi, ya goge zufar wuyanshi, yana washe haƙora wai taushi gare shi.

Naja'atu, wanga shi ne mutumin da ke cika baki wai shi za ki fidda in Baffanki ya tambaye ki bayan Sallah? Mai agogo biyu, hankali ko ɗaya babu? Da baƙo ne sai in yi mashi uzuri. Ɗan garin nan ne! Yana nan shekarun da gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen nan ta bi gida gida tana ɗaukar yara, yana cikin waɗanda suka raka ƙanenki Zayyad makwancinshi. Amma har yau bai taɓa tambayar kanshi ba, don me ɗiyar mutane ta ƙi garin rini na kanti, ta nace wa ɓawon albasa da gangamau da ganyen shayi. Ni ban wuce aji uku ba, amma ido gare ni. Jinjiri komi ya kama baki yake kaiwa, ke kuwa kin rantse abin da ba ya shiga miya ko kofi ba zai taɓa zarenki ba.

Ke kuwa sai kika miƙe. Kika sa kara kika ɗauke zaren daga hannunshi, aikin yini guda, kika tura shi cikin murhu. Ƙaurin gashi ya tashi. Shi kuwa gogan yana ta dariya, ya ɗauka shagwaɓa ce!

Tun daga ranar zuciyata ke tafasa, ya ke farin watana. Ba ni da babur, ba ni da dutse mai ƙyalli. Haƙuri gare ni, irin na zaren da ke kwana cikin tukunya har launi ya kama shi. Ki kira sunana gaban Baffa. In kin yi, ɓawo ba zai yanke maki ba muddin ana noman albasa, kuma ƙurar nan ba za ta tsallaka zaurenmu ba. In ba ki yi ba, buhun zai ci gaba da zuwa, don ni na riga na rinu, wanki ba ya fidda ni.

Naki har numfashi ya ƙare,
Ɗahiru.

In Barau ya zo yana musu, ba ni kaɗai na gani ba. Lado mai shayi yana tsaye da buta a hannu, Inna Yalwa kuwa ita ta shure daron da ƙafa har ya gangara kwata.