Dattijo Szeto Zai Jira a Ɗakin Akwatuna

Cikin alhini da nauyin zuciya Ƙungiyar Fatake 'Yan Asalin Hoiping ta ƙasar Sin mazauna Hong Kong take sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa labari ya iso mata na rasuwar tsohon Shugabanta, uban marayunta, kuma Mai Kula da Ɗakin Akwatunan Gawa, Mai Girma Dattijo Szeto Man-cheung, wanda ya cika yana da shekara saba'in da ɗaya, ranar sha huɗu ga watan bakwai, watan da muke ajiye wa matattu marasa dangi shinkafa a bakin hanya.

Marigayin ya riƙe ƙungiyar nan shekara goma sha biyu, ya gina mata zaure, ya ciyar da baƙi, amma shi da bakinsa ya hana mu yi masa yabo mu tsallake abin da kowa ya sani. A shekarar da Turawa suke shawarar ko su ba gidajen caca lasin ko su haramta su, shi ne ya miƙe a zaure ya ce: "'Yan'uwa, mu daina yaudarar kanmu. Ko an hana sai an yi ta a lungu, masu cin hanci su yi ƙiba. Gara a buɗe ƙofa kowa yana gani." Ni da na sa hannu a wannan sanarwa na yi masa gardama har muryata ta dushe, ya rinjaye ni, ƙungiya ta buga hatiminta a takardar goyon bayan ba da lasin. Ina shaida ba don aljihunsa ya yi ba, bai taɓa zama gaban kwanon caca ba.

Shekara huɗu gidajen suka yi a buɗe, waɗanda dā kunya take hana su shiga lungu suka dinga shiga da rana tsaka. A cikin shekarun nan mutum ashirin da uku daga cikin mutanenmu, 'yan dako da masu wanki, aka tsamo daga teku ko aka kwanto daga igiya. Matar ɗayansu, Uwargida Fong, ta tsaya a ƙofar zaure ta ce masa: "Kawu Szeto, kai ka ce a buɗe. Ga shi mijina ya shiga, sai ka kai shi gida." Washegari ya ajiye shugabanci ya karɓi mabuɗin Ɗakin Akwatuna, inda gawarwakinmu suke jiran jirgin da zai mai da su ƙauyukansu, domin wanda ba a binne kusa da kakanninsa ba yawo zai yi ta yi da yunwa. Shekara goma sha uku yana bin sawun danginsu, har ya mai da ashirin gida. Kullum da safe yana zuba wa akwatunan da suka rage shayi, ya gaishe su, wani lokaci mu ji yana ba su haƙuri kamar sun yi masa magana.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Uwargida Tam, da babban ɗansa, Szeto Wing-kei, tana roƙon Mai Sama ya ba su ƙarfin zuciya, ba kan rashin kaɗai ba. Mun san an riga an zaɓa masa makwanci a kan tudun Hoiping kusa da mahaifiyarsa, an kuma kama wuri a jirgi. Sai dai ya bar wasiyya da hatiminsa cewa kada a fitar da akwatinsa kafin na ukun da suka rage. Kwana biyu dattawa suna zama a kai, da hawaye muka yanke cewa za mu bi maganarsa. Ku yafe mana.

Don haka muke roƙon duk wanda ya san ƙauyen mutanen nan ya zo zaure. Na farko yana da yatsu shida a hannun hagu. Na biyu masaƙin kwando ne, ana kiransa Ah Shui. Na uku ba mu san komai a kansa ba, ko fuskarsa ruwa bai bar mana ba, kuma marigayin ya san haka ranar da ya rubuta wasiyyar.

Kwan Chak-lam
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiyar Fatake 'Yan Asalin Hoiping, Hong Kong