Ɗanyen Tulun Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Ni ce Hansatu, autarki. Damina ta kama a Wudil, kuma tun tafiyarki ni da hadari ba ma ga maciji.

A tsakar gida kika koya mini halin ruwa, ina miƙo miki yumɓu kina ginin tukwane. Kin ce raɓa gaisuwa kawai take yi wa ɗanyen tulu ta wuce. Yayyafi ya bar masa tabon zanzana, mamako ya mai da shi taɓo. "Ita kuwa ƙanƙara," kika ce, "ba ta sallama."

Ranar da soja suka miƙa mulki, maza duk suna gindin rediyo a ƙofar gida, ana murnar farar hula. Ke kuwa kin shanya tulunan da za ki toya don kasuwar Juma'a. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kwashe rabi ƙanƙara ta sauko, kowace kamar ƙwan zabo.

Kika kora ni ɗaki, kika duƙa kan tulu na ƙarshe kika rufe shi da cikinki. Ƙanƙara ɗaya ta same ki a gefen kai. Kin tashi kina dariya, yara na tsintar ƙanƙara suna tsotsa, kika ce ɗan ciwon kai ne. Ba ki ga Juma'ar ba.

Tulun yana nan, Inna, ɗanye yadda kika bar shi. Shatin babban yatsanki na bakinsa. In kewa ta ishe ni, sai in ɗora nawa a ciki. Ba ki taɓa tsayawa an ɗauke ki hoto ba, shi ke nan abin da ya rage mini.

Goggo Dije, ƙanwarki, kullum faɗanta ɗaya: ɗanyen tulu ba shi da zaɓi, ko wuta ko ruwa. Ni kuma ina tsoron wuta ta fasa shi. Shekaranjiya aka wuni ana mamako, ɗakina ya yi yoyo daidai kansa. Rabin shatin yatsanki ya tafi. Na yi kuka kamar ranar da aka fita da ke.

Gobe zan ba Goggo ta sa shi a wuta. In ya fashe, ki yafe mini, Innata. Kin tare masa ƙanƙara da kanki, ni ɗigo ma na kasa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya saukar da sanyin rahama a kabarinki.

Autarki,
Hansatu