Fitilar da Ta Mutu a Ramin Sani

Daren Talata, Ƙofar Jatau

Barci ya ƙi zuwa. Yau na je ƙauye ganin ramin zinariyar da ƙanena Sani yake buɗewa. Ya nutsa gaba goma, baki ɗaya tal, sai ka ce rijiyar da muka gada haƙawa. Na zura fitilar kananzir da igiya don gwada iska, yadda Baba ya koya mana. Ba ta kai ƙasa ba ta mutu, babu iska ke nan.

Na ce, "Sani, fasa wata ƙofar iska kafin ka fara haƙa ta gefe."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, yanzu tocila muke shiga da ita, ba ta mutuwa."

Ai matsalar ke nan, wawa! Tocila ba za ta nuna maka babu iska ba. Gobe da sassafe zai sake shiga.