Keken Sufyan Da Albarkar Baba

Zongo, Parakou

Maigida, sheri na,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Birmingham? Da fatan murar nan ta sake ka. Innarka Memuna lafiyarta lau, gwiwar ce dai.

To, na yi aika-aika, kada ka yi fushi. Bidiyoyin nan da ka turo, na kekenka, da na ɗan lambun da hukuma ta ba ka haya, da wanda kake raba shara, kwalba daban takarda daban, ni daɗi suka yi min, sai na ɗora su duka a statut na WhatsApp. Kafin la'asar Bilkissou ƙanwata ta nuna wa Baba a Djougou.

Baba ya kira ni, wallahi portabul har zafi ya yi. Wai Sufyan jikan fatake ya ƙetare teku ya koma noma da tsintar bola, ko moto mai ƙafa biyu babu. Wai mu zuriyar masu goro ne, ba a san mu da fartanya ba. Ya ce ko biza ta fito ba zai sa albarka in tafi ba. Na ce Baba, can har likitoci keke suke hawa don iska ta yi tsabta, lambun ma layi ake bi shekaru kafin a samu. Ya ce haka duk wanda ya talauce yake faɗa.

Ni kuma ka san ni, ba zan hau jirgi babu albarkarsa ba. Jiya ko rumfa ban buɗe ba a kasuwar Arzèkè, kuka na wuni ina yi. Asabar zan shiga taksi in je da kaina. Ka yi min addu'a.

Taka har kullum,
Zakiyya

Djougou

Maigida, sheri na,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maƙwabcinka tsohon nan mai kabeji? Na iso lafiya, mu huɗu a kujerar baya da buhun doya kan cinyata.

Na fara da nuna wa Baba hoton tumatirinka, ko kallo bai yi ba. Rezo kuma ya ɗauke, babu intanet, sai tsofaffin bidiyo kawai ke buɗewa. Da haka na faɗa kan wanda kake tafiya a bakin hanyar ruwan nan da aka haƙa, kana bayani wai da can doki ke jan jirgin kaya da igiya, kuma har yau ba su rushe turbar dokin ba, har sawun igiyar yana nan jikin gada. Ni dariyar hularka ma nake yi.

Baba ya karɓe portabul ɗin. Ya ce in maimaita. Na sake maimaitawa. Can ya ce filin da ayarin kakansa ke sauke jakai yanzu shagunan taya ne, ko shi sai ya yi tunani kafin ya nuna wurin. Ya ce mutanen da suka adana turbar dabbar dakonsu ba su rasa hankali ba, in sun ce a hau keke, da dalili.

Maganar sharar dai har yanzu ba ta kwanta masa ba, ya ce ka daina ɗauka a hoto. Amma ya dafa kaina ya sa albarka, gaban Bilkissou, mai gulmar!

Da safe ya kira ni ɗaki, ya ba ni wata ƙararrawa baƙa ƙirin, ta jakin da ke gaba a ayarin kakansa. Ban taɓa sanin muna da ita ba. Ya ce in sa a baliz, akwatin tafiyata, ka nuna wa tsohon mai kabeji, ya san mu ma mun yi tafiya.

Ka share min wuri a lambu, ina tafe da irin yakuwa.

Matarka mai kewarka,
Zakiyya